Ajin koyon ginin tangaran a Bauchi, da kwanon da Malam ya raba mini biyu

Sai a mako na uku na samu kwanon da ya tsaya da gindinsa. Kafin nan duk curin yumɓun da na maka a kan faifai, wato abin nan mai juyawa da ake gina kwano a kansa, sai ya yi ta rangaji kamar tayar keken da ta faɗa rami, ina ja yana karkacewa, ƙarshe ya zube mini a tafin hannu. Wannan kuwa ya tashi sumul, bakinsa a zagaye. Har na fara goge hannu da tsumma zan ɗauko wayata in ɗauke shi hoto, sai ga Malam ya tsaya a kaina.

"Malama, ya yi kyau. Miƙo mini zaren nan."

Na miƙa masa zaren da ake yanko kwano daga kan faifai, a zatona cire mini shi zai yi. Sai kawai ya zura zaren ta ƙasa, ya ja shi sama, ya raba kwanon biyu kamar an tsaga kabewa. Na yi sak. Yarinyar da ke jiran layi a bayana har da salati.

"Duba nan," in ji shi. Gindin ya kai kaurin yatsu biyu, bakin kuwa bai fi kaurin bangon littafi ba. "Daga waje kin ga kwano, amma yumɓun duk yana ƙasa, ba ki taso da shi ba. In wannan ya shiga wuta, ko ya tsage, ko ya fashe ya tafi da na kusa da shi."

Raina ya ɓaci ranar, ba zan ɓoye ba. Amma yau in aka tambaye ni me na saya da kuɗina a ajin nan, wannan yankan zan fara nunawa.

Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Bauchi, kuma ina ɗan taɓa sana'ar turaren wuta a gefe. Abin da ya kai ni ke nan: na gaji da sayen kaskon turare iri ɗaya da na kowa a kasuwar Wunti, ina son in riƙa yin nawa, da 'yan ƙananan kwanuka na zuba turaren amare. Na ga tallar a WhatsApp, wani ɗan wurin koyar da ginin tangaran ne ta wajen Yelwa. Mako 8, Asabar da Lahadi, daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Kuɗin ya kusa rabin albashina na wata, sai da na yi ta juya maganar kafin na biya. Mu 9 ne, mata 6 maza 3, ba wanda ya taɓa zama a gaban faifai.

Makon farko ko kusa da faifan ba mu je ba. Cuɗa yumɓu kawai muka yi a kan tebur ɗin siminti, har kafaɗuna suka yi tsami. Da farko na ɗauka cin lokaci ne, irin na masu son makonni su cika. Ashe ba haka ba ne. Yumɓun da suke aiki da shi haɗi ne: na fadama mai danƙo, da farar ƙasa irin wadda ake haƙowa a yankin Alkaleri, da ɗan dakakken tsingaro da aka tankaɗe. Kowanne da aikinsa. Na fadama shi ke ba da danƙon da ake jan shi ba ya tsinkewa, farar ƙasa ta sa ya jure wuta mai zafi, tsingaron kuma ya rage masa tsagewa wajen bushewa. In ba a cuɗa su sun zama abu ɗaya ba, wani gefen ya yi tauri wani ya yi laushi, hannu zai ji a kan faifai. Malam ya ce mu manta da kwaɓin fanke: can iska ake so ta shiga, nan korar ta ake yi. Yakan yanka curin da zare ya nuna mana fuskar. In akwai 'yan ramuka, a koma.

Daga nan sai babban aikin, wato zaunar da curi a tsakiyar faifai yana juyawa har ya daina rawa. Abin da ya ci mini mako biyu ke nan. Kowa da ƙarfi yake fara shi, kuma ƙarfin ne ke ɓata shi. Dabarar ita ce ki kafa gwiwar hannunki ta hagu a cinyarki, ki tsaya cak, ki bar yumɓun ya zo ya same ki. Faɗinsa da sauƙi. Jikinki ne ba ya yarda, yumɓun na kai ki dama kina binsa, yana kai ki hagu kina binsa.

A nan na ga gurguntar farko a tsarin ajin. Wannan abu ba a koyar da shi da baki. Sai mai koyarwa ya ɗora hannunsa a kan na ɗalibi, ya danna, ɗalibin ya ji a jikinsa yadda tsayuwar take. Mazan uku haka Malam ya yi musu, kuma cikin kwana biyu suka wuce wurin. Mu mata kuwa, ai ba zai kama hannun matar aure ba, mu ma ba za mu yarda ba. Yana da mataimakiya mace da ta iya aikin sosai, amma ranar Asabar kawai take zuwa, ita ma ba kullum ba. Ranar da ta zauna a gefena ta rufe hannuna da nata, minti biyar bai cika ba na ji curin ya yi shiru a ƙarƙashin tafina, kamar faifan ya tsaya alhali yana gudu. Kwana uku na aji na yi ina fama da abin da minti biyar ya warware. A garin da yawancin masu zuwa irin wannan aji mata ne, mace mai koyarwa ba alfarma ba ce, dole ce. Na faɗa wa Malam haka, ya ce yana sane, kuɗin biyanta kullum ne ya gagara.

Ga 'yan'uwa mata da ke son zuwa, abin da ba wanda ya gaya mana: a yanke farce, a cire zobe da awarwaro, a sa wando mai faɗi a ƙarƙashin zani domin zaman a buɗe ake yinsa, faifan na tsakanin ƙafafu. Dogon hijabi kuma a bar shi a jikin ƙusa, a sa ƙarami a soke shi cikin riga. Na wata Hajiya ya taɓa gefen faifan lantarki, Allah ya taimaka mataimakiyar na kusa ta kashe.

Faifai uku gare su, biyu na lantarki, ɗaya na ƙafa wanda wani mai walda ya haɗa musu, da ƙaton falalen siminti a ƙasa da ake shura yana juyawa. Lissafin ba wuya: mutum 9, faifai 3, awa 3, kowa awa ɗaya in komai ya tafi daidai. In aka ɗauke wuta kuwa, duk mu taru a kan na ƙafar, kowa minti 20. Akwai janareta a lungu, amma sau biyu kacal na ji ƙararsa a mako 8. Wannan shi ne babban ƙorafina. A aikin da hannu ne ke haddacewa, lokacin zama a gaban faifai shi ne ainihin abin da aka saya, kuma an sayar mana da shi a tsakure. Da mu 6 ne da ya yi daidai. Abin dariya, daga baya na ƙafar na fi so. Yana tafiya a hankali, ba ya gurnani, kuma in na tsorata ƙafata kan daina shuri da kanta, shi ma ya lafa.

Wata Lahadi da wuta ta ƙi zuwa, muna zaune jugum, Malam ya ce wa ke da naira 20. Aka lalubo wata tsohuwa a jaka. Ya juya bayanta ya ce wace ce wannan. Mu 9, har da ni mai koyar da yara, mutum ɗaya ne ya san sunan Ladi Kwali. Kullum muna kallon Murtala a gaba, ba mu taɓa tambayar matar da ke aikin tukunya a baya ba. 'Yar garin Kwali ce a ƙasar Gwari, ta koyi gini da hannu tun tana yarinya a wurin 'yar'uwar iyayenta. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaiman Barau, a garin da yanzu ake kira Suleja. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tangaran da ya buɗe a can, ita ce mace ta farko. Can ta koyi faifai da gashin wuta mai zafi, amma ba ta yar da zanenta na gida ba: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Ranar Litinin na shiga aji na da naira 20 a hannu.

Mako na biyar da na shida su ne na ado, kuma su ne suka biya ni. Abu na farko da na gane shi ne ado lokaci gare shi. Kwanon da aka sauke yau ba a taɓa shi, ya yi laushi da yawa. Wanda ya bushe ƙayau kuma ya wuce. Ana jiran ya kai taurin sabulun sanda: farce na shiga amma kwanon ba ya lotsewa, in kin taɓa shi da bayan hannu ki ji sanyi. A wannan gaɓar ake kifa shi a kan faifai a fere gindin a fitar masa da mazauni, a wannan gaɓar kuma ake ado. Mu da hunturu muka yi ajin, kuma iskar Bauchi ta watan Janairu ba ta jiran kowa. Kwanon da aka bari a buɗe ranar Asabar, kafin Lahadi bakinsa ya yi fari gindinsa na ɗanye, sai ki ga tsaga ta bi ƙasan a lanƙwashe. Biyu na rasa a haka kafin na koyi lulluɓe su da leda. Hannu ma ya sha, ruwan sanyi da yumɓu suka farfasa mini yatsu, man kaɗanya ne ya cece ni.

Fentin da ake ado da shi a wannan matakin ba fenti ba ne, laka ce. Ana jiƙa jar ƙasa daban, farar ƙasa daban, a tace, a dama su su yi kaurin koko. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora kwanon a tsakiyar faifai, a juya a hankali, a tsoma buroshi a riƙe shi wuri ɗaya. Ke ba kya zana komai, faifan ne ke zana zoben. Duk wanda ya yi ƙoƙarin bin kwanon da hannu sai layinsa ya fito kamar sawun maciji. Hanya ta biyu ita na fi so: a shafe bayan kwanon da farar laka, a bari ta sha iska, sannan a karce zane da ƙusa ko tsinken tsintsiya, launin yumɓun na ƙasa ya bayyana. In an yi gaggawa layin ya rufe kansa, in an makara gefen ya ɓantare. Tsakanin biyun nan akwai wani ɗan lokaci da ƙusar ke tafiya lumui, tana nannaɗo siririn zaren laka a gabanta. Ban taɓa jin daɗin wani aikin hannu kamar wannan ba.

Kusan kowa dagin Arewa ya fara cewa zai zana, kuma kusan kowa ya ji kunya, domin abin da ya zauna a takarda ba ya zama a jikin abu mai ciki. Wadda ta ba mu mamaki ita ce yarinyar nan mai salati. A kan faifai ita ce ta baya a ajin, ashe mai zanen lalle ce. Ta naɗe leda kamar yadda take yi wa amare, ta ɗura farar laka, ta huda bakin, ta bi bakin kwano da ɗige-ɗige da ganye ba tare da ta ɗaga hannu ba. Malam ya tsaya yana kallo, sannan ya ce kowa ya bar abin da yake yi ya zo. Wannan hali nasa ya burge ni a matsayina na malama. Bai ce ba haka ake yi ba, ya mayar da ita mai koyarwa na rabin awa.

Ni kuwa laifina zari ne. Kwano ɗaya na cika shi da zobe, da ɗigo, da ganye, da sunan 'yata, ciki da waje. Malam ya juya shi a hannu ya ce, "Malama, miyar kuma a ina za ta zauna?" Shawararsa ita ce a bar cikin kwanon abinci fili, a yi ado a baya da baki, kuma a zaɓi abu ɗaya. Kwanon da ya fi kyau cikin nawa zobe biyu ne kawai a jikinsa da layin ƙananan kifaye.

Rana ɗaya suka gayyato wata tsohuwa maginiya daga wani ƙauye da ke kusa, muna ce mata Goggo. Ta shigo da ƙullin tsumma, ta kalli faifan lantarki ta kalle mu, ta ce, "'Ya'yan nan, tun safe kwano ɗaya, ku da inji?" Ta zauna a ƙasa ta gina ɗan tulu da hannu muna kallo, tana ɗora murjajjen yumɓu kan wani tana shafewa. Sannan ta kwance ƙullin. Totuwar masara, guntun igiya da aka murɗa, da wata tsakuwar rafi da ta yi santsi saboda shekaru. Ta mirgina igiyar a wuyan tulun da tafin hannu, sau ɗaya, sai ga zane ya kewaye shi kamar saƙar tabarma. Tsakuwar kuma da ita ake goge jikin tukunya idan ta fara tauri, har ta yi sheƙi ba tare da an shafa mata komai ba. Ta yi mana bayanin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta, ya ba ta duhu ya toshe mata ƙofofi. Na ce, "Goggo, ara mini dutsen nan in gwada." Ta miƙo ta ce, "Riƙe da kyau, 'yar nan, ya girme ki." Awa uku kawai aka ba ta cikin mako 8, kamar wata baƙuwar nishaɗi. Da ni ke tsara ajin, mako guda cur zan ba ta.

Sai gashi, inda farin ciki da takaici suka haɗu. Sau biyu ake gasawa a tanderu mai aiki da gas. Na farko wajen digiri 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyas, yumɓun ya zama kasko, ba zai sake narkewa a ruwa ba. Sannan a tsoma shi a ruwan ƙyalli, wanda suke kira gilez, a mayar da shi wuta ta biyu da ta haura digiri 1,200, ruwan ya narke ya zama gilashi a jikinsa. Ba a gaya mini tun farko cewa yumɓu na tsukewa ba, kusan kashi ɗaya cikin goma tsakanin ɗanye da gasasshe. Kwanon da na gina da niyyar miya ya fito na yaji.

Kuma a gashin farko an yi asara, wadda ni a ganina laifin wurin ne. Malam da bakinsa ya koya mana cewa abin da ke fasa kwano a wuta ruwan da ya rage a cikinsa ne: da zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi, in bai samu hanyar fita ba ya yi bindiga. Amma saboda a cika alkawarin ranar rufe aji, aka loda har da waɗanda ba su gama bushewa ba. Ɗaya mai kaurin gindi ya tarwatse ya tafi da huɗu, biyu nawa ne. Ya ba da haƙuri, ya ce in zo in sake ginawa kyauta. Na karɓa, amma da an ɗaga da mako guda ba wanda zai yi fushi.

Wani abin da ya sosa mini rai: tallar ta ce kuɗin ya haɗa da kayan aiki da gashi. Da aka zo gilez sai aka ce wannan daban ne, kowane kwano da kuɗinsa. Ba yawan kuɗin ba ne, rashin faɗa tun farko ne. Haka kuma babu ko takarda ɗaya da aka raba, duk ma'aunin haɗin yumɓu a bayan littafin darasina na rubuta shi. Yaron wurin kuma da tsintsiya yake share busasshen yumɓu muna zaune, ƙura ta turnuƙe, alhali Malam ya ce wannan ƙurar na illa ga huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ya kamata a goge.

Abu ɗaya da na tsaya a kai kafin in yarda a tsoma nawa shi ne maganar dalma. Akwai gilez da ake haɗawa da ita domin tana narkewa da wuri tana ba da ƙyalli, kuma abinci mai tsami na iya jawo ta. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zai ɗauki maganar da wasa ba, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Malam bai ji haushin tambayar ba. Ya buɗe mini buhunan: tokar itace da aka wanke aka tankaɗe, farar ƙasa, da niƙaƙƙen dutse. A bokiti ruwan toka-toka ne marar kyan gani, a wuta ya koma kore-kore mai duhu, ya taru a cikin layukan da na karce ya ƙara fito da su. Duk inda za ki je koyo, ki yi wannan tambayar, ki kuma ce a nuna miki.

Tallar ta kuma ce a mako 8 mutum zai dogara da kansa. Wannan kam an ce da kare ana biki a gidansu. A mako 8 za ki iya zaunar da curi, ki taso da kwano ƙarami, ki fere shi, ki yi masa ado. Ba za ki iya yin guda 10 masu girma ɗaya ba, kuma wannan mai saye ke nema. Ba ki da faifai, ba ki da tanderu. Wadda ke neman sana'ar da za ta fara kawo kuɗi wata mai zuwa, kada ta ba da kuɗinta nan. Wadda ke son hannunta ya san yumɓu, kuma ta samu mai koyarwar da ba zai yaudare ta da "ya yi kyau" kawai ba, to wurin ya cancanta, da sharaɗin ta tambayi adadin ɗalibai, da ranakun mataimakiyar, da abin da kuɗin bai haɗa da shi ba, tun kafin ta biya.

Kwano 11 na gina, 4 na kawo gida. Mai kifayen yana kan tebur da dabino a ciki. Biyu na zuba turare na ajiye a shago, wata mata ta taya ɗaya na ce ba na sayarwa ba ne. Na huɗun gindinsa bai zauna daidai ba, maigida ya naɗe takarda ya sa masa a ƙasa, yaji ne a ciki. Surukata ta ɗaga shi ta auna a hannu ta ce, "Wannan ai da shi za a jefi ɓarawo."

Kaskon turaren da ya kai ni wurin har yanzu ban yi shi ba, domin yana da ƙafa da wuya, kuma Malam ya ce sai na jera masa kwano biyar masu kauri ɗaya daga gindi zuwa baki. Suna ba tsofaffin ɗalibai hayar faifan ƙafa da yammacin Asabar, awa-awa. Na kama na ƙarfe 4. Makon jiya na gina uku, na raba biyu da zare da kaina kafin ya iso.